Yadda Ake Sayen Tsohon Babur na Doguwar Tafiya a Legas, da Yadda Ake Riƙe Shi

Duk lokacin da na ajiye babur ɗina a ƙofar masallaci a Agege, ba na rasa samun matashi ɗaya ko biyu suna zagaya shi, kuma tambayar farko ba ta canjawa: "Yaya, nawa ka saya?" Nakan faɗa musu, amma nakan ƙara da cewa kuɗin saye shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Babur mai shekara 20 ko 25 yana da arha ranar ciniki. Ko zai ci gaba da zama mai arha, wannan ya rataya ne ga wanda ka zaɓa da abin da ka yi masa a watan farko. Na yi shekaru ina hawa irin wannan babur daga Legas zuwa Zariya in dawo, don haka zan shimfiɗa abin daki-daki, tun kafin ka fita da kuɗi a aljihu har ranar da za ka kama hanyar gida.

Ka fara da doka, ba da kasuwa ba

Dokar hanya ta Jihar Legas ta 2012, da wadda ta biyo bayanta a 2018, sun hana babur ɗin da girman injinsa bai kai cc 200 ba hawa manyan hanyoyi da gadoji. A ranar 1 ga Yunin 2022 gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta haramta acaba a ƙananan hukumomi shida: Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa, sannan a watan Satumba aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Dubban baburan da aka kama an murƙushe su. Babban babur na hawan kanka ba ya cikin haramcin acaba, amma mu faɗa wa juna gaskiya, Bahaushe a kan babur a Legas kallon ɗan acaba ake fara yi masa. Saboda haka kada ka taɓa ɗaukar fasinja don kuɗi, ko da sau ɗaya, kuma takardunka su zama cikakku kullum a jikinka: lasin tuƙi mai rukunin A, lasin babur, inshora, shaidar lafiyar abin hawa, shaidar mallaka, da takardar kwastam idan na Beljiyom ne. Ka yi kwafin kowace, na asali su zauna a cikin leda mai hana ruwa.

Wane irin babur?

A nan ne yawancin mutane suke faɗawa rami. Ido yana son babba, mai jikin roba a ko'ina, mai ƙara kamar jirgi. Ni shawarata ita ce ka tsaya tsakanin cc 500 da cc 750, ƙirar Japan, wanda aka ƙera da yawa har kayansa suka cika duniya. Honda Transalp mai cc 600, wanda aka fara fitarwa a 1987, yana da tayar gaba mai inci 21 da tsayin da zai ratsa ramuka, tankinsa lita 18. Suzuki V-Strom 650, na tsakanin 2004 da 2011, tankinsa lita 22 ne, tayoyinsa ba sa buƙatar tub, kuma ba kafireta yake amfani da ita ba. Honda CB500 na tsakanin 1993 da 2003 inji ne mai haƙuri wanda makaniki ba ya shan wahalarsa. Idan kana ƙyamar hidimar sarƙa, akwai Honda Deauville 650 da Yamaha Diversion 900, waɗanda sandar ƙarfe ce ke juya musu tayar baya, abin da makanikai ke kira shaf.

Manyan irin su ST1100 kuwa, a hanyar Badun babu kamarsu, amma nauyinsu ya kai kilo 300. Ka yi tunanin riƙe wannan nauyi da ƙafa ɗaya a cikin gosulon Oshodi, ko tayar da shi idan ya kwanta a taɓon Mile 12. Haka kuma injin da iska kaɗai ke sanyaya shi yana galabaita idan aka tsaya minti 40 a cunkoso da rana tsaka. Mai lagireto da fanka ya fi dacewa da garin nan.

Kafin ka yanke shawara, yi abu guda: ka je Ladipo a Mushin, ko ASPAMDA da ke Trade Fair a hanyar Badagry, ko wajen masu kayan babur na Ebute Metta, ka tambayi filtar mai, birki-fad, sarƙa da tayar babur ɗin da kake hari. Idan shago uku suka ce sai an yi oda daga waje, ka canja ra'ayi. Sannan ka nemi makanikin manyan babura tun kafin saye. Wanda ya ƙware a Boxer da Jincheng ba lallai ne ya iya daidaita kafireta biyu ko huɗu ba, kuma wannan ba aibi ba ne a gare shi, kowa da fanninsa.

Ka raba kuɗinka gida uku. Kashi biyu na saye ne, kashi ɗaya na gyaran farko da hular kwano. Wanda ya zuba duka a ciniki, babur ɗin zai kwana watanni a ƙarƙashin tamfol.

Ranar duba babur

Ka gaya wa dillali ka fi son ka same shi injin a sanyaye, kuma ka je da safe tare da makanikinka, da tocila, da ƙaramar mitar auna wuta. Da isarka ka ɗora hannu a kan inji. Idan da ɗumi, an riga an tayar da shi kafin ka zo, wataƙila don a ɓoye wahalar tashi. Ka ce za ka dawo gobe.

Takarda kafin inji. Lambar shasi da ke jikin wuyan babur dole ta yi daidai da ta takardar kwastam, harafi da harafi. A baburan da aka yi wa kasuwar Amurka tun daga 1981, lambar tana da gurbi 17, kuma gurbi na 10 shi ke nuna shekarar ƙira, don haka ba sai ka dogara da bakin mai sayarwa ba. Idan ka ga alamar an goge lambar ko an sake buga ta, ka juya ka tafi, ko kyauta ne. Ka kuma lura cewa agogon baburan Amurka mil yake ƙirgawa. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, wato 40,000 a agogo kilomita 64,000 ke nan. Da yawa daga cikinsu daga gwanjon waɗanda suka yi haɗari ake kwaso su, shi ya sa za ka tsuguna a bayan babur ka hango ko tayar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya, ka kuma duba wuyan shasi ko akwai sabon walda ko sabon fenti a wuri guda.

Buɗe tanki ka haska tocila. Tsatsa a ciki na nufin kafireta za ta riƙa toshewa har sai an wanke tankin. Duba baƙin mai na inji: baƙi ba laifi ba ne, amma idan ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa yana shiga cikinsa, gasket ko fanfon ruwa ya samu matsala. Yanzu a tayar. Ka tsaya ta bayan salansa. Ɗan farin tururi da safe yakan wuce cikin minti biyu. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin injin na shan mai, ringi ko sil ɗin bawul sun gaji, wannan aikin buɗe inji ne. Ka bar shi yana aiki har fankar lagireto ta tashi da kanta. Idan allurar zafi ta hau fanka ba ta motsa ba, ka rubuta.

Sai wuta, wadda ita ce ciwon tsofaffin babura. Ka ɗora mita a kan batir: a kashe ya nuna kusan volt 12.6, idan aka ba shi wuta zuwa juyi 4,000 a minti ɗaya ya nuna tsakanin 13.5 da 14.5. Ƙasa da haka ba ya caji, sama da 15 kuma yana dafa batir ne. Ko wanne ne, rektifaya, wato na'urar da ke daidaita wutar caji, ko kwail ɗin caji ake zargi. Ɗaga kujera ka ga wayoyi. Idan ka tarar an yayyanka an naɗe da baƙin salatif a wurare biyar, wani ya riga ya yi ta lalube a ciki, kuma kai za ka gāji wahalar.

Babur ɗina na farko ban yi masa wannan gwajin ba. Mai sayarwa ya sa sabon batir, komai na ci, na biya. Kwana tara bayan haka ya mutu mini a tsakiyar gadar Third Mainland ana gab da magariba, motoci na wucewa ta gefena kamar za su ɗauke ni. Gadar nan kilomita 11.8 ce, babu makaniki a kanta. Tun daga ranar ba na raba aljihuna da mita idan zan raka wani ciniki.

Sauran dubawa ba ta da wuya. Shok ɗin gaba kada ya yi jiɓin mai. A ɗaga tayar gaba a juya kan babur hagu da dama. Idan yana sarƙewa a tsakiya, boris ɗin wuya ya mutu. Haƙoran faifan sarƙa idan sun lanƙwashe kamar farcen shaho, sun gama aiki. A gefen taya akwai lambobi huɗu bayan DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Tayar da ta wuce shekara shida ta bushe ko da zanenta bai goge ba. A ƙarshe ka hau, ka bi giya ɗaya bayan ɗaya, ka ba shi wuta sosai a giya ta biyu ka ji ko za ta fice, ka kuma lura ko kulocin na zamewa.

Duk abin da ka rubuta, shi ne makaminka na ciniki. Idan an sallama, a rubuta yarjejeniya da lambar shasi da ta inji, shaidu biyu su sa hannu, dillali ya karɓi la'adarsa a gaban kowa, sannan ka yi canjin mallaka cikin makon nan.

Gyaran farko

Kada ka yarda da maganar "an yi masa sabis". Ka ɗauka ba a taɓa yi ba. Baƙin mai da filtarsa, filtar iska, filogi, ruwan lagireto, man birki, duk a sauya. A wanke tanki, a sa ƙaramar filta a kan tiyon fetur, a kwance kafireta a wanke, a daidaita su da juna, a auna tazarar bawul da inji a sanyaye. Sarƙa da faifan haƙorinta na gaba da na baya tare ake canja su. Sabuwar sarƙa a kan tsohon haƙori ba ta yin wata uku. Ka zauna a wajen makaniki ranar nan gaba ɗaya. Ba don rashin yarda ba, don ka ga inda kowane abu yake. Ka ce masa, "Oga, nuna mini," yawancinsu suna jin daɗin mai son koyo. Tsofaffin kayan da aka cire kuma ka karɓa ka gani da idonka.

Zancen mai yana buƙatar a tsaya a kansa. A yawancin waɗannan babura inji da giya da kuloci mai ɗaya suke sha. Man mota na zamani yana da sinadarin da ke ƙara santsi, wanda ke sa kulocin babur zamewa. Ka nemi galan ɗin da aka rubuta JASO MA ko MA2 a bayansa, 10W-40, ko 20W-50 idan injin ya tsufa sosai. Ka saya a gidan mai ko wajen babban dila, hatimin murfi a rufe, domin jabun mai ya yi yawa a kasuwa. Littafin kamfani zai ce maka kilomita 6,000 ko ma fiye, amma littafin bai san gosulon Legas ba, inda inji ke aiki sa'a biyu agogo bai ƙirga kilomita 15 ba. Ni a 4,000 nake canjawa, ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa.

Canjin mai da hannunka abu ne na minti 30. Ka tayar da inji minti biyar ya yi ɗumi, ka kashe, ka ɗora babur a ƙafar tsakiya, ka sa roba a ƙarƙashi, ka kwance noti. Bayan ya tsiyaye ka cire filta, ka shafa sabon mai a robar sabuwar, ka ɗaure ta da hannu kawai. Ka mayar da noti da sabon wasa, wato ɗan zoben da ke ƙarƙashinsa, kuma a nan ka yi hattara: gindin inji alminiyom ne, idan ka matse da ƙarfin tuwo zaren zai cinye, aikin ɗari ya koma na dubu. Ka zuba adadin da littafi ya ce, ka tayar minti biyu, ka kashe, ka jira kaɗan, ka auna babur na tsaye ƙyam. Tsohon man kuma kada ka zuba a kwata, ka kai wa makaniki a jarka.

Abin da za ka riƙa yi da kanka

Sarƙa ita ce ta fi neman kulawa. Duk kilomita 500, ko duk ranar da ruwa ya dake ka, ka goge ta da kananzir da tsohon buroshi, ka bari ta bushe, ka sa mata man sarƙa ko man giya 80W-90. Fetur yana lalata ƙananan robobin da ke cikinta. Ka juya tayar da hannu, inji a kashe. Na san mutumin da ya rasa kan yatsu biyu saboda ya sa giya inji na aiki yana goge sarƙa da tsumma. Sakinta kuwa, ka auna a tsakiyar layin ƙasa, a inda ta fi tsauri: baburan titi milimita 25 zuwa 35, masu dogon shok irin Transalp sun fi haka kaɗan, adadin yana rubuce a jikin ƙarfen tayar baya. Sarƙar da aka ja ta yi tauri ta fi sakakkiya ɓarna, domin boris ɗin giya take ci.

Iskar taya ka auna da naka ma'auni kowace Juma'a da safe kafin ka hau. Masu faci da yawa sun saba da tayar mota da ta tirela, sukan cika fiye da kima. Lagireto kuma ba a zuba masa ruwan rijiya ko na burtsatse, gishirinsa yana toshe hanyoyin ciki; ruwan sanyaya inji na galan za ka saya. Man birki DOT 4 duk shekara biyu, domin yana shan raɓa, kuma Legas raɓa ce da kanta.

Fetur ka samu gidan mai ɗaya ko biyu da ka yarda da su ka lizimce su. Waɗanda suka ga abin da gurɓataccen man nan na Fabrairun 2022 ya yi wa injuna a garin nan ba sa buƙatar a tuna musu. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kowace lita ta zama abin lissafi, kuma babur mai cc 600 da ke da lafiya yakan yi kilomita 18 zuwa 20 a lita. Idan ka ga ya sauka ƙasa da haka sosai, ka duba filtar iska da filogi kafin komai.

Damina ce babbar jarrabawa. Idan ruwa ya rufe hanya ba ka ganin ƙasa, kada ka shiga, ka jira ka ga inda ya kai wa tayar danfo. Idan kuwa ka shiga inji ya mutu a ciki, kada ka danna sitata ko sau ɗaya. Ruwa ba ya matsuwa, zai lanƙwasa sandar fistan. Ka tura babur waje, ka cire filogi duka, ka juya inji ruwan ya feso, ka busar da filtar iska, ka canja mai a ranar. Masu zama ta wajen Lekki da Obalende su ƙara wanke babur da ruwan daɗi, iskar teku tana cin ƙarfe da mahaɗar wayoyi. Idan za ka bar shi fiye da mako biyu, ka cika tanki, ka tsiyaye fetur ɗin kafireta ta ƙaramin notin da ke gindinta, ka cire baƙar wayar batir.

Ka ajiye ɗan littafi a ƙarƙashin kujera: kwanan wata, kilomita, abin da aka yi, nawa aka kashe. Ranar da za ka sayar, littafin nan zai ƙara masa daraja.

Ranar tafiya gida

Daga Legas zuwa Kano ya haura kilomita 1,000, kuma ba tafiyar yini ɗaya ba ce a babur. Kafin ka gwada ta, ka yi Badun ka dawo, kimanin kilomita 130 kowane zuwa, ka ji yadda babur da bayanka suke. Duk wani gyara a gama shi mako guda kafin tafiya, ba daren tafiya ba.

Hanya biyu ce sananniya: ta Badun, Oyo, Ogbomosho, Ilori, gadar Jabba, Makwa, Bidda zuwa Suleja, ko ta Ife, Akure, Owo, Okene, Lakwaja zuwa Abuja, daga nan Kaduna da Zariya. Wadda za ka bi ba a taswira ake zaɓarta ba. Ka je wajen direbobin da ke sauke kaya a Mile 12 ko masu motocin shanu, ka gaishe su, ka ce, "Baba, ya hanya a makon nan?" Su ne suka san inda ta lalace da inda babu tsaro. Ka tambayi dokar babur ta jihohin da za ka ratsa, domin wasu sukan taƙaita hawansa saboda tsaro. Ka tashi da an idar da Asuba, ka tsaya duk kilomita 150 ka sha ruwa ka duba sarƙa da mai, ka haɗa Azahar da La'asar kamar yadda aka sauƙaƙa wa matafiyi, kuma kafin rana ta faɗi ka riga ka samu masauki. A shingen jami'an tsaro ka rage gudu tun daga nesa, ka ɗaga gilashin hular kwano su ga fuskarka.

A jaka ka ɗauki sifanu, sukudireba, filaya, filogi biyu, fis, wayar kuloci, litar mai ɗaya, kayan faci da ƙaramin famfo, da tub idan tayarka mai tub ce. Rektifaya na ajiya ba shi da nauyi, kuma daga Makwa zuwa Bidda ba za ka samu irin naka ba. Kaya masu nauyi su sauka ƙasa, a raba su daidai hagu da dama.

Sutura kuwa: hular kwano mai rufe haɓa, jaket mai kauri, safar hannu, takalmi mai rufe idon sawu. Babbar riga da dogon rawani a naɗe su a jaka sai an isa. Tayar baya tana fizgar duk abin da ya sauko. Idan za ka goya iyali a cikin gari, uwargida ta tattare hijabi da gyale ta zauna a kansu, ita ma da tata hular.

Idan lokacin hunturu ka tafi, ƙurar Arewa za ta cika filtar iska cikin kwanaki kaɗan. Washegarin isarka, bayan an gama gaishe-gaishe, ka cire ta ka kakkaɓe, ka wanke sarƙa, ka bi notuna da sifana ɗaya bayan ɗaya, musamman na salansa da na maƙalin jakunkuna, waɗanda jijjigar hanyar Jabba ke fara sassautawa.